Yadda awa 700 ta koma awa 24: rikicin ba malamai bindiga a makarantun Madison

Madison Township ƙaramar karkara ce a yankin Butler na jihar Ohio a Amurka, tana maƙwabtaka da garin Middletown, tsakanin Cincinnati da Dayton. Irin wurin nan ne da kowa ya san kowa, gonaki da gidaje jefi-jefi, ɗaliban makarantun gundumar gaba ɗaya ba su kai 2,000 ba. Ranar 29 ga Fabrairu 2016, ana tsaka da cin abincin rana a sakandaren garin, wani yaro ɗan shekara 14 ya zaro ƙaramar bindiga da ya ɗauko a gidan 'yan uwansa ya buɗe wuta a ɗakin cin abinci. Harsashi ya samu ɗalibai biyu, wasu biyu kuma suka ji ciwo a cikin ruɗanin. Allah ya taƙaita babu wanda ya mutu. Yaron ya fita da gudu ya yar da bindigar, ba a jima ba aka kama shi, kotun yara ta ce a tsare shi har sai ya kai shekara 21.

Akwai abu ɗaya da nake so a riƙe tun daga nan domin zai dawo a gaba: a ranar akwai ɗan sanda mai bindiga a makarantar, wanda aikinsa kenan kullum, shi ne ma ya bi yaron a guje. Wato ba rashin mai makami ba ne ya sa abun ya faru, yaron dai ya yi harbinsa cikin 'yan daƙiƙu kafin kowa ya ankara.

Shekara biyu bayan nan sai ga abun da ya faru a Parkland ta jihar Florida, 14 ga Fabrairu 2018, wani tsohon ɗalibi ya kashe mutum 17 a sakandaren Marjory Stoneman Douglas, kuma ɗan sandan da ke gadin makarantar ya tsaya a waje bai shiga ginin ba har aka gama kisan. Ƙasar ta ɗauki zafi, shugaba Donald Trump ya fito ya ce shi yana ganin a ba wasu malamai da suka iya bindiga dama su riƙe ta a makaranta, shi kuma shugaban 'yan sandan yankin Butler, Richard Jones, ya sanar cewa zai koya wa malamai riƙe bindiga kyauta, cikin kwana kaɗan ɗaruruwa suka rubuta suna. To ka duba halin da mutanen Madison suke ciki a lokacin, su ba a talabijin suka ga harbi a makaranta ba, a ɗakin cin abincin 'ya'yansu aka yi. Wanda maciji ya taɓa sara ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Ni ban ga laifin tsoronsu ba ko kaɗan, kuma duk wanda zai yi maganar nan da gaskiya dole ya fara da yarda cewa tsoron nan na gaske ne.

Amma tun a watan Maris na shekarar an fara ganin kan garin ya rabu. Lokacin da ɗalibai a faɗin Amurka suka fita daga aji ranar 14 ga Maris domin juyayin waɗanda aka kashe a Parkland, wasu ɗaliban Madison su ma sun fita, makaranta ta hukunta su da tsarewa bayan tashi, kuma cikin waɗanda aka hukunta har da ɗaya daga cikin yaran da aka harba a 2016. Wannan ya yi wa mutane da yawa ciwo. A watan Afrilu kuma hukumar makarantun gundumar, wadda mutanen gari ne suke zaɓen mambobinta, ta zartar da shawarar cewa za a ba wasu ma'aikata izinin shiga makaranta da bindiga a ɓoye a jikinsu. Tsarin da suka fitar ya ce har mutum 10 za a iya ba wa, sai wanda ya kawo kansa babu tilas, sai yana da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye, sai an binciki tarihinsa, an gwada shi ko yana shaye-shaye, an duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, sannan ya yi tirenin na aƙalla awa 24 kan yadda ake tunkarar ɗan bindiga. Sunayensu kuma sirri ne, iyaye ba za su sani ba, yara ba za su sani ba.

Tirenin ɗin da gundumomin Ohio da yawa suka dogara da shi sunansa FASTER, gidauniyar Buckeye Firearms ce ta ƙirƙiro shi bayan kisan firamaren Sandy Hook ta jihar Connecticut na Disambar 2012 inda aka kashe ƙananan yara 20 da manya 6. Kwana uku ake yi, ana koyar da harbi, da yadda ake bi ta lungu da ƙofa ana neman maharin, da yadda ake ɗaure jijiya a tsayar da jini, kuma gidauniyar ce take ɗaukar nauyin kuɗin da gudummawar mutane, shi yasa ƙananan gundumomi marasa kuɗi suka rungume shi. Hujjarsu mai sauƙin fahimta ce: yawancin irin wannan hari cikin 'yan mintuna ake gama shi, a ƙauye kuwa kafin motar 'yan sanda ta iso an riga an gama ɓarnar, to wanda yake cikin ginin shi ne kawai zai iya yin wani abu, kuma malamai da yawa a Sandy Hook da Parkland sun mutu ne suna tare harsashi da jikinsu hannu rabbana. A Parkland ɗin ma kocin ƙwallo Aaron Feis haka ya rasu yana kare ɗalibai. Su suna cewa mutumin da ya yarda ya mutu domin yara, mai yasa za a hana shi abun da zai kare kansa da su. Maganar tana da nauyi, ba irin wadda za a yi watsi da ita ba ce.

Wasu iyaye a Madison dai ba su gamsu ba. Da farko bayani suka nema, wane irin tirenin ne, waye yake tantancewa, yaushe malami zai iya zaro bindiga yaushe ba zai iya ba, a ina ake ajiye ta, sai suka ga ana ta ja musu rai da takardun, a watan Satumba 2018 suka garzaya kotu, lauyoyin ƙungiyar Everytown mai fafutukar taƙaita bindiga suka tsaya musu. Kuma abun lura shi ne ba su ce wa kotu a hana malamai bindiga kwata-kwata ba. Cewa suka yi dokar Ohio ta riga ta faɗi irin tirenin da mai ɗaukar makami a makaranta zai yi, Madison kuma ba ta bi ba.

Dokoki biyu ne suka ci karo. Ɗaya, sashe na 2923.122, ta haramta shiga harabar makaranta da makami amma ta cire wanda hukumar makaranta ta ba shi izini a rubuce. Ɗayar kuma, sashe na 109.78, tsohuwar doka ce da ta ce babu makarantar da za ta ɗauki mutum aikin ɗan sanda na musamman ko mai gadi ko wani muƙami daban da mutum yake ɗauke da makami a bakin aiki, sai ya gama cikakken tirenin na 'yan sanda ko kuma ya yi shekara 20 yana aikin ɗan sanda. Cikakken tirenin ɗin nan ya haura awa 700. Lauyoyin gunduma suka ce ai wannan dokar masu aikin tsaro take nufi, malamin lissafi aikinsa koyarwa ne, bindigar ƙari ce kawai da ya ɗauka don raɗin kansa. Mike DeWine ma, wanda daga baya ya zama gwamnan Ohio, lokacin yana babban lauyan jihar a 2013 ya rubuta wasiƙa da ta nuna fahimtarsa kenan, kuma da wannan fahimtar gundumomi suka yi shekaru suna aiki. Lauyoyin iyaye suka ce a'a, malami ma'aikaci ne, yana bakin aiki, yana ɗauke da makami da izinin wanda ya ɗauke shi aiki, to me ya rage.

Alƙalin kotun farko, Charles Pater, ya ba gunduma gaskiya a Fabrairu 2019. Iyaye suka ɗaukaka ƙara, a Maris 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Gunduma ta wuce kotun ƙolin jihar, ranar 23 ga Yuni 2021 alƙalai 4 suka goyi bayan iyaye 3 suka saɓa. Babbar mai shari'a Maureen O'Connor, 'yar Republican ce amma ta haɗu da alƙalai uku 'yan Democrat, ita ta rubuta hukuncin, ta ce lafazin doka a fili yake kuma ba aikin kotu ba ne ta ƙara masa abun da majalisa ba ta rubuta ba, in majalisa tana son wani abu daban ta je ta gyara. Cikin ukun da suka saɓa har da Pat DeWine, ɗan gwamna Mike DeWine na cikinsa. Daga ranar duk wata gunduma a Ohio da malamanta suke ɗauke da bindiga bisa tirenin na kwana uku sai da ta dakata, domin babu malamin da zai bar aji ya je ya yi wata da watanni a makarantar horar da 'yan sanda.

Iyaye sun ci shari'a amma nasarar ba ta kai shekara ɗaya cikakkiya ba. Tun kafin hukuncin ya fito, a farkon 2021, wani matashin ɗan majalisar jiha mai suna Thomas Hall ya riga ya shigar da ƙudiri mai lamba 99. Ɗan Madison ne, kuma ɗan sandan nan da na ce a riƙe, wanda ya bi yaron a guje a 2016, mahaifinsa ne. Shi Hall abun da ya ɗauka daga ranar shi ne daƙiƙu ne suke raba rai da mutuwa, ɗan sanda ɗaya kuma ba zai kasance ko'ina a lokaci guda ba. Majalisar wakilan jihar ta amince da ƙudirin a Nuwamba 2021, sai ya je ya kwanta a majalisar dattawa wata shida babu motsi. Ranar 24 ga Mayu 2022 aka kashe yara 19 da malamai 2 a firamaren Robb da ke Uvalde a Texas, ranar 1 ga Yuni, kwana takwas kacal, majalisun biyu suka gama da ƙudirin, ranar 13 ga Yuni gwamna DeWine ya sa hannu, a ranar ne kuma wata dokar daban ta fara aiki wadda ta ba manya a Ohio damar ɗaukar bindiga a ɓoye ba tare da lasisi ba.

Abun da dokar ta ƙunsa shi ne, hukumar kowace gunduma ita ke da zaɓi, in ta ga dama ta ba ma'aikata izini in ta ga dama ta ƙi. Tirenin na farko da jiha za ta wajabta ba zai wuce awa 24 ba, sai awa 8 duk shekara na sabuntawa, da binciken tarihin laifi duk shekara. A lura da kyau, 24 ɗin nan rufi ne aka yi wa jiha, wato ita jihar ba ta da ikon ta nemi fiye da haka, gunduma ce kawai in ta so za ta ƙara wa nata. Gwamna ya ce ya umarci cibiyar tsaron makarantu ta jihar ta riƙa neman 24 ɗin cif, ya kuma nuna dala miliyan 100 da aka ware domin gyaran ƙofofi da kyamarori da sauran kayan tsaro a makarantu. Ƙungiyoyin malamai biyu manya na jihar sun yi adawa, ƙungiyar 'yan sanda ta Fraternal Order of Police reshen Ohio ita ma ta yi adawa, mutane da yawa sun je majalisa sun yi magana a kan kar a yi, aka saurare su aka wuce.

To a nan ne ni nake da magana. Awa 700 ba ta dace da malami ba, wannan na yarda, domin cikin manhajar 'yan sanda akwai tuƙin mota da tsayar da direbobi a titi da rubuta rahoto da binciken laifi, abubuwan da babu ruwan mai koyar da kimiyya da su, kuma tsohuwar dokar ba domin wannan yanayin aka rubuta ta ba. Amma daga 700 a faɗo 24 wallahi faɗuwar ta yi yawa, kuma in ka tambaya daga ina lambar 24 ta fito za ka ga ta yi daidai da abun da gundumomi dama suke yi kafin kotu ta dakatar da su, kwana uku da malami zai iya samu a lokacin hutu. Wato an auna tirenin ne da lokacin da malami yake da shi, ba da nauyin aikin da ake so ya yi ba. Ko a cikin Amurkan ma jihohin da suka fi Ohio son bindiga ba su sauko haka ba. Florida bayan Parkland ta kafa shirin masu gadin makaranta da sunan koci Feis, awa 144 take nema. Texas a shirinta na jami'in tsaron makaranta daga cikin ma'aikata awa 80. Tennessee da ta yi tata dokar a 2024 awa 40. A Ohio ɗin kanta ɗan sanda sabon ɗauka ɓangaren bindiga kaɗai awa 60 yake yi, malami kuma in zai sabunta lasisin koyarwarsa na shekara biyar ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne ya tara awa 180 na ƙarin ilimi. Jiha ta fi tsaurara wa malami kan yadda zai riƙe alli a kan yadda zai riƙe bindiga a tsakiyar yara, wannan abun baya shiga kaina.

Kuma aikin da ake so ya yi ba ƙarami ba ne. Ka ɗauka harbi ya tashi, ƙararrawa tana ta ƙara, yara suna gudu ta ko'ina suna ihu, hayaƙi, maharin kuma galibi ba baƙo ba ne, yaron makarantar ne ko wanda ya taɓa zama ɗalibi, kaman yadda aka gani a Madison da Parkland, yana sanye da kaya irin na sauran yara, ƙila ma malamin ya koyar da shi bara. Cikin daƙiƙa biyu zai yanke shawara ya harbi ɗan shekara 14 a wurin da bayansa akwai wasu yaran, bangon aji kuma ba lallai ya tare harsashi ba. Binciken da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan birnin New York ya nuna tsakanin 1998 da 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsashinsu yake samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da bindiga ce sana'arsu. Sauran harsasan wani wuri suke zuwa, a makaranta kuwa wani wurin nan yara ne. Sannan in 'yan sanda suka iso suka tarar da babban mutum cikin kayan gida riƙe da bindiga a baranda, ta yaya za su gane malami ne cikin wannan ruɗani.

Uvalde ma da aka yi amfani da zafinta aka tura dokar, kowane ɓangare ya ɗauke ta hujja. Jami'an tsaro 376 ne suka taru a wurin, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin a kashe maharin. Masu goyon baya suka ce kun gani, jiran 'yan sanda mutuwa ne. Masu adawa suka ce in ɗaruruwan jami'ai masu sulke da manyan bindigogi sun ja baya saboda tsoron bindiga samfurin AR-15 guda ɗaya, me ake tsammani daga malama mai ƙaramar bindiga da tirenin na kwana uku. Ni na fi karkata ga na biyun, duk da ba zan ce na farkon ƙarya suke ba, domin akwai ranar da mutum ɗaya mai zuciya zai iya rage yawan gawa.

Sai dai wannan ranar ƙila ba za ta taɓa zuwa wa makaranta ba har a rufe ta, bindigar kuwa kullum tana nan, Litinin zuwa Juma'a, a ƙugu ko a jaka ko a durowa, a banɗaki, a filin wasa, lokacin raba faɗan yara, ranar da malami ya kwana bai yi barci ba, ranar da ya samu matsala a gida. Wannan ɓangaren ne nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba a muhawarar. A Ohio ɗin nan, a gundumar Highland ta yankin Morrow, a 2019 yara biyu 'yan aji ɗaya na firamare sun ɗauki bindigar wata ma'aikaciya wadda tana cikin waɗanda aka ba izini, ta bar ta a akwati ba a kulle ba a ofis ta ɗan fita, Allah ya kiyaye ba ta tashi ba, kuma iyayen gundumar ba su ji labari ba sai bayan watanni da jarida ta tono. A Seaside ta California a Maris 2018 wani malami wanda ɗan sandan wucin gadi ne ma, yana cikin nuna wa ɗalibai yadda ake kiyaye bindiga sai ta tashi a aji, harsashi ya bugi silin ɓaraguzai suka ji wa yara ciwo. Ba mugaye ba ne waɗannan mutanen, mantuwa ce da kuskuren hannu irin na kowane ɗan Adam, kuma duk bindigar da aka ƙara a gini an ƙara ƙofa ɗaya ta irin wannan.

Akwai hanyar tsakiya da wata gundumar ta Ohio ta bi tun 2013, wato Sidney a yankin Shelby. Su malamansu ba sa yawo da bindiga a jiki, an ajiye bindigogin ne a akwatunan ƙarfe da sai da zanen yatsa ake buɗewa, a wurare daban-daban cikin gini, tare da rigar sulke, tawaga ce aka zaɓa ana ba ta horo akai-akai tare da ofishin 'yan sandan yankin, ga kuma jami'ai masu kaki a makarantun. Masu FASTER suna sukar wannan da cewa kafin ka isa akwati an ɓata lokaci, gaskiya ne an ɓata wasu daƙiƙu, amma an toshe haɗarin kullum ɗin nan na yaro ya laluba jaka ko ya fizge daga ƙugu. Da majalisa ta zauna da natsuwa irin wannan ne ya kamata a tattauna, ina za a ajiye, sau nawa za a je filin harbi a shekara, waye zai duba lafiyar ƙwaƙwalwa kuma sau nawa, waye zai ƙwace izini in malami ya fara nuna alamun damuwa. Cikin kwana takwas na makoki ba a tattauna irin wannan.

Nasan wani zai karanta wannan zuciyarsa ta tafi Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, ya ce to mu fa, ba gara a ba malamanmu ba. A watan Yunin 2022 ɗin nan da DeWine ya sa hannu, gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce wa jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, don haka tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma matsalar ba iri ɗaya ba ce sam. Shirin Ohio an gina shi ne kan mahari guda ɗaya da ke cikin gini na 'yan mintuna kafin taimako ya iso. Mu kuwa gungun mutane ne a kan babura da manyan bindigogi, galibi da dare, taimako kuma sai a wayi gari bai zo ba, malami ɗaya ko biyu da bindiga a wannan yanayin an mayar da su abun hari na farko ne kawai, makarantar kuma ta zama wurin da ake zuwa neman makami.

A Ohio bayan an zartar da dokar a 2022, manyan birane irin su Columbus da Cleveland da Cincinnati hukumomin makarantunsu suka ce su ba za su ba malamai bindiga ba. Waɗanda suka shiga galibi ƙananan gundumomin karkara ne, kuma tsiraru ne cikin gundumomi sama da 600 da jihar take da su. Dokar ta wajabta wa hukuma ta sanar da jama'a cewa ta ba da izini, ta kuma miƙa sunayen masu ɗauke da makami ga cibiyar tsaron makarantu ta jiha, amma jerin sunayen ba ya cikin takardun da jama'a ke da haƙƙin gani. Dalilin sirrin ana fahimtarsa, in mahari ya san waye mai bindiga da shi zai fara, kuma rashin sanin ma yana iya sa ya yi shakka. Farashinsa dai shi ne uwa ba ta da ikon ta ce ita a cire ɗanta daga ajin da ake ɗauke da bindiga, domin ba ta san wane aji ba ne, kuma in aka yi sakaci irin na Highland sai hukuma ta ga dama za a ji.

Iyayen da suka yi kusan shekara uku a kotu yanzu ba su da sauran hujjar doka, majalisa ta goge sashen da suka tsaya a kai game da malamai. Abun da ya rage a hannunsu shi ne zaman hukumar gunduma da ake yi a bainar jama'a da kuma zaɓen mambobinta, domin dokar ta bar wa kowace hukuma ikon ta ƙara awoyi sama da 24, ta ce sai a akwatin ƙarfe, ko ta janye izinin gaba ɗaya.